Wanda ya sha maganin ƙwari: me ake fara yi masa a asibiti?

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce, watana huɗu da fara aiki a wani ƙaramin asibiti. Kwanan baya da daddare aka kawo mana wani saurayi da ya sha maganin feshi, bakinsa yana ta kumfa. Babban da ke bakin aiki ya hana a yi masa wankin ciki, ya dinga ba shi allurar atirofin har muka kusa ƙarar da wadda ke cikin kabad. 'Yan'uwansa suka yi ta faɗa, wai an bar masa guba a ciki. Washegari ya farfaɗo yana magana, amma aka ƙi sallamarsa. Ni ma ban gane hikimar ba, kuma na ji nauyin tambaya. Don Allah a warware mini.

Amsa: 'Yar'uwa, wanda ya jagorance ku a daren nan ya san aikinsa. Abubuwa ukun da suka ɗaure miki kai tushensu ɗaya ne. Mai shan irin wannan maganin ta numfashi yake mutuwa, don haka hankalin mai ceto a ƙirji ya kamata ya tsaya, tumbi ya biyo baya.

Kumfar da kika gani alama ce ta gidan magungunan da ake kira oganofosfet, wato su dikulobos, kulofirifos, daimetowet, malatiyon da fentiyon, ko kuma 'yan'uwansu kabamet, irin su kabofuran. Duk lokacin da jijiya za ta ba tsoka ko wata gaɓa umarni, tana sakin wani sinadari mai suna asetilkolin. Da saƙo ya isa, sai wani sinadarin, kolinestares, ya zo ya share shi domin gaɓar ta huta. To, wannan mai sharar shi maganin ƙwari yake ɗaurewa. Saƙo ya yi ta taruwa, babu mai cewa ya isa. Duk wata kafa da ke fitar da ruwa a jiki sai ta ɓalle: miyau, hawaye, gumi, fitsari, amai, gudawa. Ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, zuciya ta rage gudu, hanyoyin iska su matse, huhu ya cika da majina. Tsokoki su fara ɗan rawa a ƙarƙashin fata, daga baya su saki gaba ɗaya. A ƙwaƙwalwa kuma wurin da ke sarrafa numfashi ya yi sanyi. Ga ruwa a huhu, ga tsokar da za ta jawo iska ta saki, ga mai ba ta umarni ya yi barci. Mutum yana kwance a gado, amma nutsewa yake yi a cikin ruwan jikinsa.

Shi ya sa aikin mintunan farko bai da wani ado. A kwantar da shi a gefen hagu, kai ya ɗan yi ƙasa da sauran jiki, domin in amai ya zo ya zubo waje. A zuƙe majinar baki da maƙogwaro, a sa masa iskar oksijin, a kama jijiya biyu, a ɗaura ruwan gishirin asibiti, rabin lita zuwa lita ɗaya ga babba, ya shiga cikin minti 10 zuwa 20. In ba ya cikin hayyacinsa a auna sukarin jininsa. Duk wannan tare da atirofin ake yi, allurar da ke tare saƙon asetilkolin ɗin da ya taru, hannu da yawa a lokaci guda. Akwai tsohon karatu da ke cewa kada a ba da atirofin sai an fara ba da oksijin. In akwai oksijin, madalla. In babu, kada ki riƙe allurar kina jiran tukunyar iska, domin atirofin ɗin ne zai busar da huhun da iskar za ta shiga.

A kan yadda ake ba da shi nake so ki ɗan zauna, don a nan ake samun mutum ko a rasa shi. Babba ana fara masa da miligiram 1 zuwa 3 ta jijiya, gwargwadon tsananin halinsa. Yaro kuma miligiram 0.02 zuwa 0.05 a kowane kilo na nauyinsa. Bayan minti biyar ki duba abu biyar: ƙirji ya washe, babu kurarin majina ko shesheƙa? Bugun zuciya ya haura 80 a minti? Awon jini na sama ya haura 80? Hammata ta bushe? Ƙwayar ido ta fara buɗewa? In ba abin da ya motsa, ba maimaita adadin farko za ki yi ba, ninka shi za ki yi. Biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama takwas, takwas ta zama sha shida, kowane bayan minti biyar, har ƙirji ya bushe. Yi lissafi da kanki: 2 da 4 da 8 da 16 sun ba da miligiram 30. In 'yar kwalbarku mai miligiram 0.6 ce, kwalabe 50 ke nan cikin minti ashirin, a kan mutum ɗaya. Kin ga dalilin da kabad ɗinku ya kusa zama wayam. A irin wannan daren har mutum guda nake warewa, ba shi da aikin komai sai fasa kwalabe da cika sirinji.

Ba ƙarfin hali ne kawai ya kawo wannan tsarin ba. A wani gwaji da aka yi a birnin Chittagong na Bangaladesh, aka wallafa a 2012, an raba majinyata 156 gida biyu. Waɗanda aka bi da su ta tsohuwar hanya, ana ba su kaɗan-kaɗan, sun ɗauki kusan minti 152 kafin atirofin ya kama su. Waɗanda aka ninka wa, kusan minti 24. Mutuwa a rukunin farko kashi 22.5 cikin ɗari ce, a na biyu kashi 8. Magani ɗaya, asibiti ɗaya, bambancin kawai yadda aka ba da shi.

Da zarar ya kama, sai a haɗa jimillar abin da aka ba shi, a riƙa saka masa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na wannan jimillar a kowace awa ta cikin ƙarin ruwa. Wanda ya ci miligiram 30, zai riƙa samun 3 zuwa 6 a awa. Da farko a duba shi duk bayan minti 15, in ya daidaita a koma awa-awa. In majina ta dawo, a ƙara allura nan take, a ɗan ɗaga na cikin ruwan.

Akwai tarkuna biyu da sababbin ma'aikata ke faɗawa. Na farko bin ƙwayar ido. Ita takan makara wajen buɗewa, in kuma feshin ya shiga idon kai tsaye tana iya zama a tsuke ko da jiki ya ƙoshi da atirofin. Wanda ya ce sai ya ga ido ya buɗe tangaran zai wuce gona da iri. Na biyu tsoron bugun zuciya. Za ki ga zuciya tana gudu 120, ki ce ai ba a ƙara atirofin a haka. Amma in ƙirji na kurari, gudun nan sau da yawa na ƙarancin iska ne, kuma da huhu ya bushe zai sauka. Kunnenki a ƙirji, hannunki a hammata, su ne alƙalai. Sai dai in kurarin a gefe ɗaya yake, ko'ina kuma ya washe, ki yi zargin amai ne ya faɗa huhu, wannan kuwa atirofin ba ya share shi.

Shi ma atirofin in ya yi yawa guba ne. Majinyaci ya ruɗe, ya dinga fisge-fisge yana tsinke ruwa, jiki ya yi zafi rau ba gumi, ciki ya yi tsit, mafitsara ta cika ta ƙi saki. A nan a dakatar da shi na rabin awa zuwa awa ɗaya, sannan a mayar a kashi 70 zuwa 80 na adadin da. A sa masa robar fitsari, domin cikar mafitsara kaɗai kan hana mutum kwanciya. Kada a ɗaure shi da gado a bar shi yana kokawa: mutumin da ba ya gumi, yana fama da igiya a ɗaki mai zafi, zafin jikinsa na iya kai shi lahira. Diyazefam, allurar kwantar da hankali, in aka ba da shi sannu-sannu ta jijiya ya fi igiya. Shi ne kuma maganin jijjiga in ta zo.

Abin da atirofin ba ya yi shi ne tayar da tsokar da ta saki. In numfashi ya yi rauni, ko suma ta yi nisa, sai an zura bututu a maƙogwaro an hura masa iska, da na'ura in akwai, da jakar matsawa in babu. Na ga inda aka yi ta karɓa-karɓa a kan jakar nan har gari ya waye, mutumin kuma ya tashi ya koma gida da ƙafarsa. Ki tuna wa mai zura bututun ya guji sakzametoniyam, allurar da ake sakar da tsoka da ita kafin a zura bututu. Sinadarin da ke narkar da shi a jini yana cikin waɗanda gubar ta ɗaure, sai shanyewar minti biyar ta koma ta sa'o'i.

Yanzu wankin ciki. Na fahimci 'yan'uwan, domin a ido abin da ya shiga ta baki ta baki ya kamata ya fito. Amma maganin ruwa ne, hanji na tsotse shi da wuri, kuma yawancin majinyata ba sa isowa sai bayan awa biyu ko fiye, galibi sun riga sun yi amai a hanya. Abin da ya saura a tumbi kaɗan ne. Ga shi kuma ana narka irin waɗannan magunguna a cikin wani mai dangin kananzir, wanda in ya faɗa huhu yakan ƙona shi. Ki ɗauki mutumin da hankalinsa ke gushewa, ki kwantar da shi rigingine, mutum huɗu su danne shi, a tura masa tiyo ana ɗura ruwa: an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Duk mintunan da aka kashe a wannan kokawar kuma daga lokacin atirofin aka ciro su. Wanki yana da gurbi ɗan ƙarami: wanda ya iso cikin awa ɗaya da sha, an riga an daidaita shi, kuma ko dai yana cikin hayyacinsa ya yarda, ko an kare hanyar iskarsa da bututu. Ko gawayin asibiti, wanda ake sha don ya kama guba a ciki kuma ya fi wanki sauƙi, da Michael Eddleston da abokan aikinsa suka gwada shi a kan majinyata 4,632 a Siri Lanka, sakamakon da ya fito a 2008 bai nuna ya rage mutuwa ba. Ana iya ba da giram 50 sau ɗaya ga wanda ya zo da wuri kuma yana iya haɗiya da kansa, amma ba a yi masa ɗura.

Haka zancen yake ga abin da ake yi a gida kafin a taho: ɗura madara, ko mai, ko ruwan gishiri, ko tura yatsa a maƙoshi. Babu wanda ke karya guba a cikinsu, kuma kowannensu na iya bi ta huhu. 'Yan'uwa kuwa ba faɗa ake mayar musu ba. Mutum ɗaya ya fita ya ce da su: gubar ta riga ta bar ciki ta shiga jini, allurar nan da kuke gani ita ce ke bin ta can. Yawanci da sun ji haka hankalinsu yake kwanciya.

Za ki ji ana maganar wata allura, firalidokzim, wadda aikinta kwance sinadarin da gubar ta ɗaure. A takarda abin gwanin sha'awa ne. A gadon asibiti kuwa har yau ana jayayya. Wani gwaji a Indiya a 2006, a kan mutum 200, ya nuna amfani in an ba da ita da yawa kuma da wuri. Wani a Siri Lanka a 2009, a kan mutum 235, bai ga amfani ba, waɗanda aka ba ma sun ɗan fi mutuwa, ko da yake bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. Wani ɓangare na dalilin shi ne ɗaurin yakan zama na dindindin bayan wani lokaci, kuma ga magunguna irin daimetowet cikin 'yan sa'o'i hakan ke faruwa. In za a ba da ita, adadin da aka saba shi ne miligiram 30 a kowane kilo, a hankali cikin rabin awa, sannan miligiram 8 a kowane kilo duk awa. Turawa da sauri na iya tsayar da zuciya. Ra'ayina, asibitin da ba shi da ita bai rasa babban abu ba, amma wanda atirofin ya yanke masa ya rasa komai.

Sai batun ƙin sallama. Wanda ya farfaɗo washegari yana neman abinci, tsugune ba ta ƙare masa ba. A 1987 wasu likitoci biyu na Siri Lanka, Senanayake da Karalliedde, suka bayyana wani rauni da ke zuwa tsakanin awa 24 zuwa 96 bayan shan gubar, lokacin da kowa ya saki jiki. Ba kumfa, ba gumi, hankali garau, amma tsokokin wuya, na fuska, na kafaɗu da na numfashi suna saki a hankali. Mutum yana kallonki, yana jin maganarki, numfashinsa na ƙanƙancewa har ya tsaya. Atirofin ba ya taɓa wannan. Gwajinsa kuwa ko sisi ba ya ci: yana kwance, ki ɗora tafin hannunki a goshinsa, ki ce ya ɗago kai daga matashi. Ki yi haka duk bayan awa huɗu, ki rubuta. Ranar da kika ji ƙarfin ya ragu, ko ya kasa ɗagowa, numfashi ne ke biye. Ki kuma sa shi ya ja iska ya yi ƙirge da numfashi ɗaya, ki ga ko adadin yana raguwa daga safe zuwa yamma. Wanda ya shiga wannan hali na'ura yake buƙata, daga 'yan kwanaki zuwa mako biyu ko uku, kuma in ya samu yakan warke sarai. In asibitinku ba shi da ita, a tura shi gaba tun wuyan ya fara rauni, da ma'aikaci a gefensa, da jakar iska da atirofin a hannu. Kada a jira sai ya fara haki.

Wasu magungunan, musamman fentiyon, suna ɓuya a cikin kitsen jiki su riƙa fitowa a hankali, sai alamun su makara ko su dawo bayan kwanaki. Kabamet kuwa yakan saki da kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya zo ba alama ko ɗaya ma a riƙe shi aƙalla awa 24.

Duk abin da na faɗa na mai kumfa da tsukakken ido ne. Ba kowane maganin gona ne oganofosfet ba, kuma ɗura atirofin ga wanda jikinsa a bushe yake cutarwa ce. Don haka a sa wani ya koma ya ɗauko kwalbar, ko ya turo hotonta ta waya, a karanta sunan sinadarin da ke ciki, domin sunan kasuwa ba ya gaya miki komai. Amma ba a jiran kwalba kafin a ceci mai nutsewa.

Farakwat, maganin ciyawa, shi ya fi yaudara. Majinyaci na iya shigowa da ƙafarsa, ciwon baki da maƙogwaro kawai yake kuka da shi. Bayan kwanaki ƙoda ta tsaya, huhu ya fara ƙanƙancewa. A nan oksijin ƙara wa wuta mai yake, ba a ba da shi sai iskar jini ta yi ƙasa ƙwarai. Gawayi da wuri, ƙarin ruwa, kula da ƙoda da rage raɗaɗi, iyakar abin da ke hannu ke nan, kuma ya kamata a gaya wa iyali gaskiyar halin da ake ciki. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007. Ƙwayar da ake sa wa hatsi a ma'ajiya, alminiyam fosfaid, tana sakin iskar fosfin in ta haɗu da ruwan ciki, jini ya faɗi warwas, bugun zuciya ya rikice. Ba ta da makari, kuma wanke ciki da ruwa ƙara fitar da iskar yake, sai dai tallafa wa jini da zuciya a ɗaki mai buɗaɗɗun tagogi. Maganin ɓera mai tsinka jini, irin burodifakum, shiru yake yi kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ake auna daskarewar jini bayan awa 36 zuwa 48, maganinsa kuma bitamin K1 ne, wani lokaci na tsawon watanni. Endosalfan da lindan jijjiga suke kawowa, diyazefam da tsare numfashi ne aikin. Su saifametirin kuwa, ƙaiƙayi da zugin fata sun fi yawa, kuma yawanci sukan wuce da kansu.

Ki kula da kanki ma. Safar hannu, rigar leda, tagogi a buɗe. A tuɓe masa kayan da suka jiƙe a ƙulle a leda, a wanke fata da gashi da sabulu da ruwa, ido kuma a yi ta zuba masa ruwa mai tsabta na minti 15. Ga wanda feshi ya zubo wa a gona wannan wankan magani ne sosai, don fata na ci gaba da tsotsa muddin rigar na jikinsa. Ciwon kan da ma'aikata ke ji a ɗakin galibi warin man da aka narka maganin ne, fita shan iska na ɗan lokaci yana isa.

Kin ce sha ya yi, don haka akwai sauran aiki kafin ya tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin ɗari na masu hallaka kansu a duniya da maganin ƙwari ne. Da yawansu ba su daɗe suna shiri ba, ɓacin rai ne na ɗan lokaci ya haɗu da kwalba a kusa, kuma mafi yawan waɗanda aka ceto ba ta wannan hanyar suke ƙarewa ba. Siri Lanka ta nuna haka a aikace: daga 1995 ta dinga janye magunguna mafi haɗari daga kasuwa, kuma cikin shekara ashirin yawan masu hallaka kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, noma kuma bai durƙushe ba. Don haka in ya dawo hayyacinsa, wani ya zauna da shi shi kaɗai, ba gori, ba wa'azi a gaban jama'a, a tambaye shi abin da ya faru da kuma ko tunanin yana nan. A haɗa shi da mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a ce wa iyali su kwashe sauran magungunan daga gidan kafin ya koma.

Ranar sallama a gaya masa kada ya koma feshi sai bayan makonni, domin kolinestares na ƙwayoyin jini kusan kashi ɗaya cikin ɗari yake farfaɗowa a rana, ɗan feshi kaɗan zai iya sake kayar da shi. In kuma bayan mako ɗaya zuwa uku ya ji ƙafafunsa na zugi ko suna ja da ƙasa, ya dawo, akwai lalacewar jijiyoyi da wasu daga cikin magungunan ke haifarwa a makare. Ke kuma gobe in kin karɓi aiki, buɗe kabad ɗin nan ki ƙirga atirofin da ya rage. In bai kai kwalba ɗari ba, ki rubuta a kawo kafin dare.